Inji Ba Ya Ciwon Baya

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jos? Ya ƙafar Inna? Mu lafiya lau.

Ka tuna Ɗanjuma, ogammu a kamfanin shinkafa? Da aka kawo mutum-mutumi mai jera buhuna, ni nake miƙa masa har bayana ya riƙe. Ɗanjuma ya sallame ni a gaban mutane, wai inji ba ya ciwon baya. To, kwamfuta ta karɓe kujerarsa. Jiya ya zo gonata a Tiga neman aikin ban-ruwa. Na ce ya dawo ranar da ma'aikata ke cika. Injin ban-ruwana zan nuna masa, in maimaita masa maganarsa.

Kada ka ba ni haƙuri. A gaida yara, a yi mana addu'a, ban da shi.

Ƙaninka,
Iliya