Muryar Baba Ta Maƙale a Kwamfuta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Ƙanƙara lafiya, sai dai raina a jagule yake.

Na haɗa kwamfutar da ka aiko kayanta, na ciro faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarmu na sa mata, amma ta ƙi tashi. Mai gyara a Faskari ya ce sai an goge komai, alhali karatun Alƙur'anin marigayi Baba yana ciki. Tsohuwar kuwa na riga na ba 'yan gwangwan.

Hajiya kullum sai ta ce in kunna mata muryarshi, in ce babu wuta. Jiya da na faɗi haka, sai ta dubi ƙwan lantarki yana ci.

A sa mu a addu'a. Gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Lawal