Mun Makara Wurin Tarbar Shugaba

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara da Malam? Ya ƙarfin jikin Baffa? Mu nan Bowie lafiya lau.

Shugaban waccan ƙasar da ƙanenmu Sani ya rasu wajen kwantar da yaƙinsu ya kawo ziyara Washington, nan kusa da mu. Wani abokin aikina ya samo mana katin shiga wurin tarbarsa, don Inna ta ce tana son ganinsa ido da ido. Tun asuba ta shirya, hoton Sani cikin kaki a jakarta, tana ta cewa mu tafi. Ni kuwa na ce, "Inna, yaushe babban mutum ya taɓa zuwa kan lokaci?" Har shayi na zauna sha.

Muka tarar an rufe ƙofa. Daga bakin titi muka ji ana buga masa igwar ban girma. Inna ta damƙe hannuna, ta ce, "Irin wannan ƙarar Sani ya riƙa ji?"

Har yau ba ta yi mini faɗa ba, Yaya. Da ma ta yi.

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Don Allah ki kira ta, ni na kasa haɗa ido da ita.

Ƙanenki,
Kabiru