In na kunna injin kicin, Inna sai ta kama hanya

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan zaure. Admin, ki rufa min asiri ki cire sunana kafin ki saka, mu Hausawan Libreville ba mu da yawa, ana ganin suna an san gida. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma abin da ya kulle min shi in na faɗa wasunku dariya za su fara yi, wai injin kicin. Ku dai daure ku karanta har ƙarshe.

Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Gabon. Maigidana yana sayar da yadi da takalma, muna haya a wani bene a Nzeng-Ayong, mu ne a hawa na tsakiya. Bara na je gida na taho da mahaifiyata, Inna, saboda tsufa ya fara taɓa mata tunani, ta yi sallar azahar ta sake tashi ta ce ba ta yi ba, ta ɗora tukunya ta manta da ita. Mu biyu gare ta a duniya, ni da yayana, shi kuma direban babbar mota ne kullum yana hanya, matarsa ma da kanta take fama. Ranar da maƙwabtanta na Zariya suka kira ni suka ce sun tarar zaninta ya fara cin wuta a bakin murhu tana zaune tana kallo, ban iya barci ba sai da maigidana ya yi mata takardu aka taho da ita. Allah ya saka masa, ba kowane namiji zai yi ba.

To Inna ba ta cin abincin ƙasar nan. Sandar rogon nan da suke naɗewa a ganye, sau ɗaya ta shinshina ta ce a mayar wa mai shi. Burodi ta ce na marasa lafiya ne. In ba tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba, wadda ta ji daddawa da busasshen kifi, aka soya attaruhu a manja har sai ka yi atishawa, to sai dai ta rufe baki ta juya kai kamar jinjira. Don haka kullum ina cikin suya. Kicin ɗina kuwa ɗan tsut ne, taga ɗaya, hayaƙin duk sama yake yi ya shige tagar masu zama a samanmu.

Wadda ke saman namu wata 'yar Gabon ce, Madam Odet, tana aikin ofis a Plaine Orety, tana da yarinya ɗaya mai ciwon asma. Matar nan wallahi mutuniyar kirki ce, ko a yanzu da raina yake a ɓace ba zan yi mata ƙarya ba. Ta sauko ta yi min maganar hayaƙin cikin ladabi, ni kuma Faransancina na kasuwa ne, na tsinci rabi na zubar da rabi, na ce mata to. Sai wata rana ina tsakar suyar attaruhu na ji gudu a matakala, na leƙa na gan ta rungume da yarinyar tana neman taksi, yarinyar tana jan numfashi kamar ana shaƙe ta, idonta ya firfito. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Bayan an sallamo su daga asibiti mai gidan hayar ya kira maigidana ya ce magana biyu ce, ko mu kafa injin da ke zuƙe hayaƙi a saman murhu, wanda a nan suke ce wa lahot, ko mu nemi wani gidan.

Ba mu yi gardama ba. Maigidana ya sayo, ya kawo Malam Bulus, wani Kirista mutumin Kafanchan da ke aikin wayarin ɗin lantarki, shi ke yi wa yawancin Hausawan nan aiki don ana jin yaren juna. Ya auna tsayi daga kan gas, ya huda bango ya ɗaure shi da kusoshi, ya fasa rami ya fitar da bututun ta baya wajen kwata inda babu tagar kowa, ya ja masa soket. Ya nuna min maɓallai uku, ƙarami da matsakaici da babba, ya ce in kunna kafin in ɗora mai, in bar shi ya ɗan ƙara aiki bayan na sauke, ragar ƙarfen kuma in riƙa ciro ta ina jiƙawa a ruwan zafi da sabulu don maiƙo kar ya toshe ta. Kai jama'a, ranar har hoto na ɗauka na tura wa ƙawayena. Na soya attaruhu ban yi tari ba, bango ya daina danƙo, Madam Odet ta sauko da farantin ayaba soyayya tana ta mersi, wato godiya. Na ce shi ke nan, Allah ya raba mu da fitina.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Inna. Babanmu ya rasu muna ƙanana, da ƙosai ta raine mu. Kullum kafin gari ya gama wayewa ta surfa wake ta wanke, da ta ji mai inji ya ta da injin markaɗe a bayan layinmu sai ta ɗora roba a ka ta fita da sauri don ta riga layi. Da wannan muka ci, da shi muka yi makaranta. Ni sam ban lura ba, ashe ƙarar injin kicin ɗin nan, in yana kan babban maɓalli kana jin sa daga ɗaki, sak ƙarar injin markaɗe ce daga nesa. Ranar farko ta zo bakin kicin ta ce, "Ke, an ta da inji ne?" Na yi dariya na ce a'a Inna, na hayaƙi ne, na nuna mata. Ta gyaɗa kai ta koma. Washegari ta sake tambaya, na sake nuna mata, har ina ba maigidana labari muna raha.

Rannan ina girkin rana, inji yana ta ruri a kaina, ba na jin komai na cikin gida. Na tuƙa tuwo na kwashe, na kashe, na kai mata ɗaki, babu Inna. Banɗaki babu, baranda babu, ƙofar waje a buɗe, buhun wake a kwance a ƙasa an ɗebi na ɗiba. Innalillahi. Ga ruwa ana tsugawa irin na garin nan. Na fita ko takalmi ban saka daidai ba, ina tambayar mutane da guntun Faransancina ko sun ga tsohuwa, wasu su ɗaga kafaɗa wasu su nuna min gabas wasu yamma. Matar da ba ta san sunan unguwar ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren mutane, takardunta suna cikin jakata, ga 'yan sanda masu binciken takardu a titi, ga kwatocin nan da ke cika su ja mutum. Ban san irin kukan da na yi a titi ba, mutane dai suna ta kallona. Allah ya taimake ni wani Alhaji mutumin Marwa mai shago kusa da shataletale ya ji tsohuwa tana tambayar masu wucewa da Hausa ina mai inji ya koma, ta jiƙe sharkaf da robar wake a ka. Ya zaunar da ita ya ba ta shayi, ya sa aka yi cigiya a masallaci, a haka labari ya iso wa maigidana. Da na je ko a jikinta, faɗa ma take yi wai mai inji ya canza wuri bai gaya wa kowa ba.

Tun daga nan babu dabarar da ban yi ba. Na koma ƙaramin maɓalli, ba ya jan hayaƙin suya, kuma duk da haka Inna tana jin gurnaninsa. Na kira Malam Bulus ya dawo ya sassaka roba tsakanin injin da bango, ya ƙara ɗaure bututun, ƙarar ta ɗan ragu kaɗan, ya ce min gaskiya Hajiya iyakar abin da zan iya ke nan, inji sai ya yi ƙara. Na ce bari in riƙa girki in tana barci, to barcin tsofaffi kun san shi, ina danna maɓalli sai in ji motsinta. Na kunna mata karatun Alƙur'ani da ƙarfi a ɗaki, ta saurara kaɗan ta miƙe. Na ɓoye wake, ta ɗebi shinkafa, na ɓoye shinkafa, ta ɗauki roba haka nan babu komai. Na roƙi mai gidan hayar ya bar ni in riƙa hura gawayi a ƙasa ta bayan gida, ya ce ko kusa, ba a yi masa wuta a harabar gida. Likita kuma ya ce ciwon tsufa ne ba ya warkewa, a dai guji abin da ke tayar mata da hankali. Na ce a raina, likita abin da ke tayar mata da hankali a bangon kicin ɗina yake a kafe.

Sai na yi abin da na san bai dace ba, na daina kunnawa na ɗan lokaci, na buɗe taga ina fifita da murfin tukunya, na rage attaruhu. Inna ta samu natsuwa, har takan zo ta zauna a kujera bakin kicin tana ce min gishiri bai ji ba, ta ci tuwonta da kyau. Ba a jima ba na fara jin tarin yarinyar ta saman silin. Madam Odet ta sauko, ba ta ɗaga murya ba, ta tsaya a ƙofa riƙe da ɗan abin shaƙar nan na masu asma ta nuna min, idonta ya cika da hawaye, ta ce 'yar nan ita kaɗai gare ta. Mai gidan hayar ya sake kiran maigidana ya ce wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Wanda ya san garin nan ya san yadda baƙo ke shan wuya kafin ya samu gidan haya, balle da iyali da tsohuwa marar lafiya, kuma duk inda muka koma wani sabon wuri ne da zai ƙara rikita ta.

Ni da maigidana mun yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ya ce na sa shi jin kunya a gaban mai gidan haya, ya ce in yarinyar mutane ta mutu me zan gaya wa Allah, ya ce ko dai a mayar da Inna Zariya a samu mai kula da ita, ko in riƙa kulle ƙofa in cire makulli in yi girkina. Na ce uwar tawa zan kulle kamar akuya, na ce da tasa ce ba zai faɗi haka ba, na faɗi maganganun da har yanzu ina jin nauyinsu. Ya tashi ya fita. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san ba mugunta ce ta sa shi ba, kuma ni ma ba ni da wata amsar da ta fi tasa. In na mayar da ita gida wa zai tsaya mata? Wanda aka ɗauka aiki ba zai bi ta da lallashi ta ci abinci ba, kuma can ma ga murhu ga titi.

Shekaranjiya na bi maganarsa. Na murɗa makulli na jefa a aljihu, na kunna inji na ɗora mai. Ban kai ga zuba albasa ba na hango ta ta wuce da roba a ka, ta gyara ɗaurin zani irin na mai sauri. Ta ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, ta jijjiga, ta shiga bugawa da tafin hannu. Na fito na ce Inna zo ki zauna. Ta juyo ta dube ni, wallahi ba ta gane ni ba, kallon baƙuwa ta yi min. Ta durƙusa har ƙasa, uwata da ta haife ni, ta ce, "Hajiya, don girman Allah ki buɗe min. In layi ya yi tsawo ba zan samu na safe ba. Marayu ne da ni guda biyu, na baro su suna barci, ba su ci komai ba tun jiya." Na ce Inna ni ce, ni ce 'yar taki. Ta ce, "Allah ya raya miki naki, ki tausaya wa nawa." Na je na kashe injin, na kashe gas, na zauna a ƙasa kusa da ita muna kuka tare, ita tana yi wa 'ya'yanta ni ina yi mata. Ranar ko loma ba ta kai bakinta ba, ta ce ba za ta ci ba yara ba su ci ba.

To 'yan uwa, ga inda nake. Akwai wanda ya taɓa jinyar tsoho mai irin wannan ciwon, yaya ake yi da su in abu ya maƙale musu a kai? Akwai irin injin nan da ba ya ƙara, ko wata hanyar fitar da hayaƙi da ban sani ba? Malamai na cikinku, in na kulle ta don kare ta ina da laifi wajen Allah? Ko mayar da ita gida shi ne daidai, son zuciya ne ya hana ni gani? Don Allah kar ku ce min in yi haƙuri kawai, haƙurin ina yi, abin da zan aikata nake nema. Yanzu da nake rubutun nan la'asar ta wuce, ina jin takun yarinyar a sama ta dawo daga makaranta, Inna tana zaune a tabarma ruwan shayi kaɗai ne a cikinta tun safe, na yanka albasa na jajjaga attaruhu, tukunya tana kan murhu, ni kuma ina tsaye na kasa danna komai. In kunna ne ko kar in kunna?