Ta Kai Sabis Ɗakin Ƙarshe, Ni Kuma Na Kasa Taya Ta Murna

Malama, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin ranar ce Kawu yake jiran amsata, kuma abin da ke cina ba zan iya faɗa wa kowa a gida ba. Ki sakaya sunana.

Shekarata ashirin da takwas. Shekara biyar ke nan ina aiki a masaukin baƙi na kawuna, ƙanin mahaifiyata. Ɗaki goma sha takwas ne, sama da ƙasa, gini dogo siriri mai kaurin bango. Aikina zama a teburin karɓar baƙi, amma duk abin da ake jona wa lantarki ni ake kira idan ya ƙi: talabijin ta ɗauke, firinta ta cinye takarda, kyamarar ƙofa ta makance. Tun shekarar farko Kawu ya laƙaba mini Injiniya, har mai gadi da masu shara suka ɗauka. Ban yi karatun abin ba, a waya na koya, amma sunan ya zauna mini, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗinsa.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, wai-fai. Rautarmu, wato na'urar da ke raba sabis ɗin intanet, tana bayan teburina, ɗakunan kusa suna samu, na can ƙurya kuwa babu ko ɗigo. Sai ki ga babban mutum ya fito baranda da singileti yana ɗaga waya sama. Na sa Kawu ya sayo ƙananan na'urori uku, irin masu kama sabis a iska su miƙa gaba. Na jona su a soket-soket na baranda, na ba kowace sunanta daban, na ƙure ƙarfin kowace har ƙarshe. Alamar sabis ta cika fal a wayoyi, amma ba abin da ke buɗewa. Na ce laifin kamfanin intanet ne, Kawu ya yarda, muka yi shekara biyu muna zaginsu.

Sai 'yar Kawu ta biyu ta gama karatun kwamfuta ta dawo. Malama, yarinyar nan ni na koya mata yadda ake kunna kwamfuta. Kwana biyu ta yi tana bin ɗaki-ɗaki da waya da littafi, har banɗaki take shiga tana rubuta lambobi. Daga nan ta same ni cikin ladabi, Yaya kaza Yaya kaza, ta ce na'urorina duk a tasha ɗaya suke, suna danne juna. Ta cire su. Ta sa aka ja kebul ta cikin silin, ta kafa na'urori huɗu a rufin baranda, biyu sama biyu ƙasa, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kowace da tasharta. Sannan ta rage musu ƙarfi. A gaban Kawu na yi mata dariya, na ce ban taɓa jin inda aka ƙara sabis da rage ƙarfi ba.

To, ya yi. Wani baƙo a ɗaki na goma sha takwas ya yi awa guda yana ganin iyalinsa ta waya, ya sauko takanas ya yaba mini. Na ce mun gode. Ban ce ba ni ba ne.

Yanzu idan Kawu ya ƙwala kiran Injiniya sai in ɗaga kai, ashe ba da ni yake ba. Shugabar masu shara kuwa tsohon Injiniya take ce mini, wai in zo in duba mata tsintsiya ta daina kama sabis. Sai in yi dariyar yaƙe.

Ga abin da na kasa faɗa. Talatar makon jiya da rana, da teburin ya yi shiru, na shiga saitin na'urorin da kalmar sirrin da ita da kanta ta ba ni. Na mayar da na'urorin sama biyu tasha ɗaya, na ƙure musu ƙarfi. Ƙorafi ya dawo, ni kuma kwana biyu ina jin wani sanyi a raina. Ranar Alhamis ta zo ta buɗe kwamfutarta, ko minti biyar ba ta yi ba, ta ɗago ta dube ni, ta gyara. Ta gaya wa mahaifinta saiti ne ya rikice kuma an daidaita. Ba ta canza kalmar sirrin ba. Har yau tana gaishe ni yadda ta saba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu Kawu ya gama sabon ɓangare mai ɗaki goma sha biyu. Ya ce ita za ta tsara, ni in hau tsani in ja kebul a ƙarƙashinta. Wani abokina kuma ya ce in zo shagonsa na gyaran waya. In tafi ne? In faɗi gaskiya? Ko dai ni mugu ne ban sani ba?

Ɗanki da ke cikin ruɗani.

*

Ɗana,

Mugu ba ya zama ya rubuta wa kansa irin wannan tuhuma. Amma abin da ka yi ranar Talata mummuna ne, kuma ba ita kaɗai ka cuta ba. Akwai baƙon da ya kasa aika aikinsa, akwai sunan masaukin da kai ma kake ci a cikinsa.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sukarka, wato maganar rage ƙarfi, domin na lura har yanzu kana ganin kamar siddabaru ta yi maka. Ka ɗauka mutum uku ne a baranda ɗaya, kowa yana magana da iyakar muryarsa a lokaci guda. Za ka ji ƙara ko'ina, ba za ka fahimci kowa ba. Haka na'urorinka suka yi. Ita kuma wayar baƙo muryarta ƙarama ce: tana jin na'urar da ke nesa, amma amsarta ba ta isa can, shi ya sa alama ke cika abu ya ƙi buɗewa. Idan aka rage ƙarfi aka raba tasha, aka ba su suna ɗaya, waya takan saki ta nesa ta kama ta kusa ba tare da baƙo ya sani ba. Kebul kuma yana kai wa kowace na'ura sabis cikakke, maimakon ragowar abin da ta tsinta a iska. Ka ga ba wani asiri a ciki. Darasi ne da aka koya mata a aji, kai ba a koya maka ba, kuma mai kaifin kai irinka zai iya riƙe shi cikin mako guda.

Kana da gaskiyarka. Shekara biyar ka riƙe gidan nan da abin da ka koya wa kanka, kuma bai kyautu Kawu ya ɗauke maka suna rana ɗaya ba ko sannu. Wannan ciwo ne na gaske. Sai dai ba ƙanwarka ce ta ji maka shi ba. Ita aiki ta gani ta yi, ta kama ka dumu-dumu ta rufa maka asiri, har ta faɗa wa mahaifinta rabin magana saboda kai. Barin kalmar sirrin nan a hannunka kuwa ba mantuwa ba ce. Jira take ta ga wane Yaya ne zai sake shiga.

Saboda haka kafin Asabar ka same ta ita kaɗai. Ka ce kai ne, ka ce hassada ce, ka nemi afuwa, kada ka haɗa da kalmar amma. Bayan haka ka gaya wa Kawu da bakinka a taƙaice, don ka sauke mata nauyin da ta ɗauka dominka. Zai yi faɗa. Ka jure. Idan ya huce, a wani zaman daban, ka faɗa masa yadda maganar sunan ta taɓa ka. Mai yiwuwa bai ma lura ba.

Aikin sabon ɓangaren ka karɓe shi, amma ka roƙi abu ɗaya: a yi awon ɗakunan tare da kai, kuma na'ura ɗaya kai za ka saita tana kallo. Ka tambaye ta dalilin kowane mataki, ko da tambayar za ta yi maka nauyi a baki. Kada ka raina tsanin. Kai ka san inda bango ya fi kauri da inda wayar lantarki ta bi, kuma tsarinta yana bukatar wannan sanin.

Shagon abokinka ba zai gudu ba. In ka tafi yau, kunya ce ta kore ka, kuma za ta bi ka har can. In ka tafi bayan ɗaki goma sha biyun nan sun samu sabis, da sana'a za ka fita, kuma ka bar ƙanwar da za ka iya kira duk ranar da aiki ya cije maka.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa ka ji daɗin koyo a hannunta.