In jinginar da gonar Baba don Hadiyya ta gama karatu?

Anti Barakatu, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ni ɗan acaɓa ne a garin Babban Mutum. Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da Inna da ƙannena. Ƙanwata Hadiyya tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya a Katsina. Da ta samu tallafin karatu har guɗa Inna ta yi, ashe kuɗin rajista kawai yake biya, shi ma sai ya ga dama yake fitowa. Ɗakin kwana, abinci, kuɗin jarrabawa, duk a wuyana. Tumakin Inna sun tafi, adashina na kwashe tuni. Ga mai ya yi tsada, sai in wuni a hanyar Daura in dawo da abin da bai kai cefane ba. Wallahi na gaji, Anti.

Yanzu wani Alhaji Mati ya ce in jinginar masa da gonar Baba, ya ba ni kuɗin nan take, ya riƙa nomawa har ranar da na biya. Daga gonar nan muke cin gero, kuma ba a raba gado ba. Inna ba ta sani ba. Hadiyya ma in ta bugo waya, cewa nake komai lafiya lau. In ban biya kuɗin makaranta ba, ba za a bar ta ta zauna jarrabawa ba. In karɓa?

Yayan Hadiyya, Babban Mutum

Yayan Hadiyya, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka. Amma kada ka karɓa. Duba gonakin da aka jinginar a garinku, nawa suka dawo hannun masu su? Da me za ka fanso taku alhali geron ma sai ka auno a kasuwa? Kuma ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin marayu a ciki.

Ban ce yarinya ta ajiye karatu a shekarar ƙarshe ba, wannan ma asara ce babba. Ka zaunar da Inna, ku ba da hayar rabin gonar na damina ɗaya, a gaban mai unguwa da shaidu, ku noma sauran. Hadiyya ta je ofishin makarantarsu ta roƙi a bar ta ta biya kashi-kashi, ta kuma tambayi yadda ake neman bashin ɗalibai. 'Yan'uwan Babanku fa, suna ina? Ka taka ka same su, ba bara ba ce, 'yarsu ce.

Sannan haba malam, ka daina ɓoye wa Hadiyya! Wadda ake koya wa wanke miki ba za ta suma don ta ji halin gidansu ba. Gara ta ji yau daga bakinka, da ta dawo da takardar shaida ta tarar wani na girbe abincin ƙannenta.

Allah ya huce gajiya, ya ba ta sa'a, ya bar muku gonarku.