Inna Ta Ambaci Sunanka

Zuwa ga Yaya Habibu, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, ko da ba ka nema ba. Ina fatan aikin akawu bai hana ka lafiya ba, kamar yadda ya hana ka zuwa Fagge. Inna tana kwance, jikin ya yi nauyi, shi ya sa na karya rantsuwar da na yi ta daina kula ka, na rubuto maka.

Har yanzu ni ne mai kunna majigi a gidan siliman nan na Sabon Gari, aikin da ka ce ya zubar da mutuncin gidan malamai. Makon nan muna nuna wani fim na Turawa. Wa da ƙani ne da ba sa ga maciji, motarsu ta mutu a dokar daji, ba ruwa, ba hanya. Ƙanin ya karye a ƙafa, wan ya goya shi yana tafe yana zaginsa. 'Yan kallo suna ta fito da tafi. Ni kuwa daga ɗakin inji takaici ne ya ishe ni. Wannan ko zagi yake, ai ya goya.

Kai ba ka zage ni ba, ka fi ƙarfin haka. Ranar da aka kai Baba, na tuɓe takalmi zan shiga kabari in karɓe shi tare da kai, sai ka riƙe mini hannun riga. A hankali ka ce, "Hannun da ke taɓa hotunan banza ba zai taɓa Malam ba." Ka yafito maƙwabcinmu ya shiga a madadina. Na tsaya a baya kamar ɗan rakiya, ina kallon bare yana kwantar da ubana. Ban yafe ba, Yaya, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba.

Bayan sadakar arba'in ka hau jirgin ƙasa. Hannun banzan nan shi ke dama wa Inna kunu yanzu, shi ke juya ta idan gefe ɗaya ya gaji. Kai kuma sai saƙon gaisuwa a bakin fatake.

Amma ba don kaina nake wannan surutu ba. Ka san Inna da alkunya. Kai ne ɗan fari, tunda ta haife ka bakinta bai taɓa furta sunanka ba. “Wancan” take cewa, ko “yayanku”. Muna yara idan ta ajiye maka ƙanzo, ni take aikowa in ce maka ragowa ce. Na daɗe ina zaton ni ta fi so. Ashe ni ɗan aike ne.

Jiya da hantsi, ɗakinta cike da mata 'yan dubiya, ta buɗe ido ta ce, “Habibu.” Ƙarara, ba rufa-rufa. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana hawaye. Inna ta sake kira, tana lalube da hannu.

Na miƙa mata nawa, na amsa. Ta shafa, ta shafa, sannan ta saki.

Ka zo, Yaya. Idan ganina ne ba ka so, aiko daga tasha in fice ta ƙofar baya.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya jiƙan Baba, Ya sa ka iske ta tana iya gane ka.

Ƙaninka,
Sani, daga Fagge.