Babban Yatsan Baba

Kafanchan, Agusta 1979

Zuwa ga yayana Bartholomew,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara kiyaye ku a can Ikko. Mu nan muna lafiya, ruwa yana sauka yadda ake so. Idon Baba yana nan yadda ka bar shi, ko hasken fitila ba ya gani.

Ka tambaya me ya sa garinmu ya juya a wannan zaɓe. Kowa da abin da yake faɗi. Fasto ya ce mutane sun manta bulalar da su Baba suka sha a hannun dogarai don sun ƙi jam'iyyar hakimi. Ƙaninmu Zamani ya ce ba wanda ya manta, amma tabon bulala ba ya zama taki a gona, kuma waɗanda muke ƙi ɗin su suka yi alkawarin taki da hanyar kai citta Kachia. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na gaji da ji.

Ranar zaɓe Zamani ne ya shiga da Baba ɗakin ƙuri'a. Baba ya faɗa masa inda yake so, shi kuma ya kama yatsan ya dangwala. Da aka ƙirga akwatin unguwarmu, jam'iyyar Baba ba ta samu ko ɗaya ba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya sa na kawo masa sabulu, ya daɗe yana wanke yatsan. Sai ya ce daga yau a raba masa kwano da Zamani, kuma ni zan riƙa ja masa sanda zuwa coci, wai ni kaɗai na rage masa. Yaya, ni ma a wannan akwatin na jefa tawa. Ban sani ba ko bai lissafa ba ne, ko ya lissafa ya yi shiru. Ba na jin kunya, ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai. Kowace Lahadi ina riƙe sandan muna tafiya, yana yi mini godiya.

Ka gaishe da Beatrice da ƙaramarku Clara. Zamani ma ya ce a gaishe ka, daga ɗakinsa inda yake cin nasa tuwon.

Ƙanwarka,
Lai'atu